TARIHIN MALAM MAMAN BARKA, MUSHEN LAKKWAL DA YA CECI BIRAM

  

A wanga fitowa ina son in ba ku tarihin wani mutum wanda ba ɗan garinmu ba ne, ba kuma ɗan ƙasar Tawa ba, amma da yawa cikinku sun san muryarshi a rediyo da kaset. Shi ne marigayi Malam Maman Barka. Ga dalilin da ya sa na ɗauko maganarshi.

Da kakar da ta wuce na zo gida wajen armen ɗiyar ƙanena. Kwana uku ana biki, ban ji karan goge ba ko sau ɗaya. Manyan akwatunan kiɗa anka ɗauko haya, anka jona da wayar salula. Da anka watse na tafi gaida tsohon mai gogen unguwarmu, wanda ya yi ma iyayenmu wasa ranar armensu. Na iske shi zaune a ƙofar ɗaki, idanu sun yi rauni. Na ce, "Baba, ina gogen?" Ya nuna mani bisa da sanda. Yana rataye a jikin azara, fata ta tsage, tsagiya ta zube. Na ce, "Baba, cikin yara ba wanda ya koya?" Ya ce, "Ɗana, biyu na Abijan, guda na Libiya. Jikoki kuwa kunya su kai a gan su da shi. Ba wanda ya taɓa zuwa ya ce in koya mashi." Tun ranar nan maganar ta tsaya mani a rai, ita ce ta tuna mani da labarin da za ku karanta.

ASALINSHI

An haifi Maman Barka a Tasker, arewa da Gure, cikin jihar Damagaram, a ƙarshen shekarun 1950, wato gab da samun mulkin kan Nijar na ran 3 ga Agusta 1960. Tasker ƙasar rairayi ce da rijiyoyi masu zurfi, ƙasar raƙuma, inda Tubawa da Larabawa da Buzaye da Fulani ke kiwo. Shi kanshi Batube ne, ɗan gidan makiyaya. Bai fito daga gidan roƙo irin na fada da munka sani nan ƙasar Gobir da Adar ba.

A lokacin nan makiyaya ba su son ba da ɗiyansu ga lakkwal, kamar yadda iyayenmu ma sunka riƙa ɓoye yara cikin rumbu in an zo ɗaukar 'yan makaranta. Shi dai Allah ya nufe shi da karatu. Ya yi lakkwal har ya zama mushe, shina koya ma yara karatu da lissafi. Daga nan ne sunan Malam ya bi shi, kuma bai rabu da shi ba har ƙarshen ranshi.

ZAMANIN DA YA TASHI

Dattawa za su tuna da yadda ƙasa take a shekarun nan. Bayan yunwar 1973 da 1974 soja sunka karɓi mulki ran 15 ga Afrilu 1974, Seyni Kountché ya hau. Gwamnatinshi ta tada samariya a kowane gari da kowace unguwa. A 1975 anka fara kokowar ƙasa ta neman takobi, kuma nan Tawa anka yi ta farko. A 1976 anka buɗe wasan matasa na ƙasa a Damagaram, daga baya ya riƙa zagaya manyan garuruwan jihohi. Kowace jiha sai ta kawo mawaƙanta da 'yan rawarta da 'yan wasan kwaikwayonta a yi gasa. Muryar Sahel tana ɗauka tana watsawa, mu kuma muna kewaye da rediyo guda a dandali muna jiran a kira sunan Tawa. A ƙarshen zamanin Kountché kuma anka kafa gasar kiɗa mai sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin nan na Tawa.

Abin da wanga zamani ya canza babba ne. Da can kiɗa gado ne. Akwai makaɗan sarki, akwai na manoma, da na mahauta, da na maƙera, da na 'yan kokowa, kowa da gidan da ya gada. Wanda ya shiga kiɗa ba da gado ba, ana ganin ya zubar da girman gidansu. Samariya ta sa ɗan malam da ɗan sarki da ɗan talaka sunka hau dandali guda suna waƙa, ba wanda ya ce masu maroƙa. Ta wagga ƙofa ce irin su Maman Barka sunka shigo.

ALLI DA GURUMI

Abin kiɗan da anka fara saninshi da shi shi ne gurumi, mai tsirkiya biyu, wanda ake kaɗawa da yatsa. Abu ne na makiyaya da samarin ƙauye, ba a ɗauke shi bakin kome ba a birni. Ganin mushen lakkwal, mai albashin gwamnati, ya rungumi gurumi gaban jama'a, abin mamaki ne ga mutanen lokacin. Shi bai ji kunyar haka ba. Shina waƙa da Hausa, shina yi da Tubanci da Barbarci, saboda haka mutanen gabas da na tsakiyar ƙasa duk suna jin abin da yake faɗi. Waƙoƙinshi na zaman duniya ne da gargaɗi, da ban dariya a ciki, irin maganar mutumin da ya saba tsayawa gaban yara.

Sunanshi ya game Nijar, ya ƙetara Najeriya. Ni kaina inda na fara jin shi da kyau cikin wata babbar motar albasa ce, mun ɗauko kaya daga fadamar Tarka za mu Abijan. Direba kaset guda gare shi, shi ya yi ta juyawa har munka wuce Wagadugu. Duk wanda ya yi bida ya san abin da muryar gida ke yi ma mutum a tsakiyar dare, a ƙasar da ba a jin harshenshi.

GIDAN KOYON KIƊA NA YAMAI

A 1989 anka buɗe wani gida a Yamai don koyar da kiɗa da adana kayan kiɗan gargajiya. An sa mashi sunan marigayi Alhaji Taya, shugaban makaɗan zamani da ya yi suna a babban birni, shi ya sa mutane ke ce mashi CFPM Taya. Dokta Mahaman Garba, masanin kaɗe-kaɗen ƙasar ga, na cikin waɗanda sunka riƙe gidan. An tara kayan kiɗa na kowace kabila a ciki: goge, da molo, da gurumi, da kalangu, da duma, da algaita, da kakaki, da sauransu.

A wanga gida Malam Maman Barka ya yi aiki, ya koma koyar da kiɗa maimakon karatun lakkwal. Aikin ya sa shi bin labarin kayan kiɗan ƙasa, da sanin waɗanda ke da masu kaɗa su da waɗanda sun zama kayan kallo. Nan ne ya gane wani abu da ya kamata mu ma mu gane. Ana iya rataye abin kiɗa a bango shekara ɗari bai lalace ba, amma in wanda ya san hannunshi ya mutu bai koya ma kowa ba, abin da ya rage itace ne da fata kawai.

BIRAM

A Tafkin Cadi akwai wasu mutane da ake kira Buduma, su kuma suna kiran kansu Yedina. Masunta ne da makiyayan shanun nan masu manyan ƙahoni da ake kira kuri, suna zaune cikin tsibirai. Suna da wani abin kiɗa da ake kira biram. Babba ne, an sassaƙa jikinshi da itace kamar kwalekwale, an rufe da fata, ga dogon wuya mai lanƙwasa, ga tsirkiya biyar. Buduma suna ɗaukarshi abu mai alfarma, mai dangantaka da kakanninsu da iskokin tafkin, don haka ba kowa ake miƙa ma shi ba. Waƙoƙinshi na tarihin kabila ne, da yabon jarumai, da labarin ruwa da kifi da shanu.

To, tafkin nan ya janye. A farkon shekarun 1960 faɗinshi ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000. Bayan farin 1973 da na 1984, wanda mu nan muke kira El Buhari saboda rufe iyakar Najeriya, abin da ya rage bai kai kashi ɗaya cikin goma ba. Garin Gigime, wanda da ruwa ke kusa da shi, ya wayi gari tafkin ya yi mashi nisa. Da ruwa ya tafi, samarin Buduma sunka watse neman abinci, kamar dai yadda namu sunka watse. Masu kaɗa biram sunka yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ya rage saura tsoho guda da anka sani ya iya shi sosai, sunanshi Bukar Tar.

A 2002 Malam Maman Barka ya samu taimakon hukumar UNESCO, ya bar Yamai ya tafi bakin tafkin wajen wanga tsoho. Ku dubi wannan da kyau. Mutum ne da ya wuce shekara 40, sunanshi ya riga ya fita, ga almajiranshi a birni. Ya aje duk wannan ya zauna gaban tsohon masunci a matsayin ɗan koyo. Ba kabilarsu ɗaya ba, don haka sai da ya koyi waƙoƙin da harshen Buduma, ya bi sharuɗɗan da ake bi kafin a ba mutum biram. Bukar Tar ya yarda da shi, ya koya mashi, ya kuma damƙa mashi biram. Bayan rasuwar tsohon, Maman Barka ne duniya ta sani da riƙon wanga abin kiɗa.

Da ya yi jinkiri, da aikin bai yiwu ba. Tsohon ya tafi, sannan fitinar Boko Haram ta shigo jihar Difa a 2015, har hukuma ta kwashe mutane daga tsibiran tafkin a watan Mayu na shekarar nan. Hausawa sun ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

BIRAM YA FITA DUNIYA

Da ya dawo bai ɓoye abin da ya samo ba. Ya haɗa kai da Umaru Adamu, makaɗin duma da kalangu da ƙwarya, su biyu sunka riƙa yawo da biram. Sun yi wasa a ƙasar Maroko a 2005. A 2008 sun hau dandalin babban taron kaɗe-kaɗen duniya da ake kira WOMAD a Ingila. A 2009 wani kamfanin Landan mai suna World Music Network ya fitar da faifansu. Turawan da ba su taɓa jin sunan Buduma ba sunka zauna suna sauraren waƙar masuntan Tafkin Cadi daga bakin Batube ɗan Tasker, Bahaushe na yi mashi kiɗa.

Allah ya yi ma Malam Maman Barka rasuwa a Yamai ran 21 ga Nuwamba 2018. Allah ya jiƙanshi, ya gafarta mashi. Ya bar sautin biram a faifai da hotuna, inda duk mai son koyo zai iya ji ya gani. Da Bukar Tar ya mutu da abinshi a ciki, ko wannan ba za a samu ba.

MU KOMO GIDA

Yanzu bari mu dubi namu. Goge ya daɗe a ƙasar Gobir da Adar. Yaranmu da anka haifa a bariki, ga yadda ake yin shi. Ana samun ƙoƙon duma mai kauri, a rufe bakinshi da fatar guza, a huda ƙaramar kafa a gefe don murya ta fita. A soka sanda ta ratsa ƙoƙon. Tsirkiyar tsagiya ce, wato gashin wutsiyar doki, ana ɗora ta bisa ɗan itacen da ake kira jaki. Abin gogawa shi ma tsagiya ce a jikin ɗan baka, ana shafa mata ƙaro don ta kama. Tsirkiya guda ce tak, amma gwani na sa ta yi magana har ka ji sunan kakanka a ciki. Bayan mai goge akwai 'yan ƙwarya da 'yan amshi, shi ke jan su, da ido ko da kaɗa kai yake nuna masu inda za a juya. Kowane mai goge shugaban ƙungiya ne, kuma malamin yaranshi ne, domin daga ƙwarya ake farawa kafin a kai ga goge.

Ba mu kaɗai ke da shi ba. Zabarmawa suna da nasu. Waɗanda sunka yi bida a Tamale da Yendi sun gan shi a fadar sarakunan Dagomba. Maƙwabtanmu Buzaye suna da anzad, wanda mata ke gogawa, kuma a 2013 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. A Najeriya Garba Liyo na Funtuwa ya yi suna da goge, Ibrahim Na Habu da Ahmadu Doka da Hasan Wayam sunka yi suna da kukuma, ƙanwar goge. Waɗannan an ɗauki muryarsu a rediyo. Masu gogen ƙauyukanmu kuwa, da yawansu sun tafi ba a ɗauki ko waƙa guda tasu ba.

Na san abin da wasu iyayenmu malamai za su ce, kuma ba zan kauce ma maganar ba. Za su ce goge kayan bori ne da gidajen mata masu zaman kansu. Akwai gaskiya a ciki. Da goge ake kiran iskoki a wasan bori, kuma wagga gardama ta girmi kakanninmu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda anka haifa a Maratta, nan kusa da Galmi, a 1754, shi da almajiranshi sun yi wa'azi mai zafi kan bori da kaɗe-kaɗen da ke tafiya da shi. Ni ba malami ba ne, ba ni da fatawa. Ba kuma ina kiran kowa zuwa ga bori ba. Abin da na sani shi ne, a bakin tsohon nan na unguwarmu akwai abin da ba bori ba. Akwai sunayen waɗanda sunka sari garin ga, da wanda ya gina rijiyar farko, da taken manoman da sunka yi dubu, da na 'yan kokowarmu, da sunayen shekarun yunwa da abin da mutane sunka ci a cikinsu. Ba a rubuta wannan a kowane littafi ba. In ya tafi da shi, jikokinmu na Abijan za su tashi ba su san gidan da sunka fito ba. Ko wanda ba ya son jin karan goge, ai yana son a san sunan kakanshi.

ABIN DA NIKE ROƘO

Mu ba mu da UNESCO, amma muna da ƙungiya. Ga shawara ina kawowa gaban taronmu mai zuwa, dattawa su duba su gyara.

Na farko, a sa 'yan lakkwal biyu ko uku, tare da mushe guda da zai lura da su, su riƙa zuwa wajen tsofaffin makaɗanmu da maroƙa da zabiyoyi, su ɗauki maganarsu da waya, su kuma rubuta a littafi. Kada a tsaya ga mai goge kaɗai. A je wajen mai kalangun mahauta, da mai gangar noma, da tsofaffin mata masu waƙar daka da niƙa. A tafi da goro da ɗan abin hannu, a nemi izininsu, domin ba a zuwa gaban babba hannu sake.

Na biyu, a gyara gogen Baba. Ƙoƙo da fata da tsagiya ba su fi ƙarfinmu ba. In kowane ɗan bida ya ba da jikka guda, za a gyara shi har a samu abin sayen littattafai da na goro.

Na uku, in akwai yaron da ke da sha'awa, kuma iyayenshi sun yarda, kada a yi mashi dariya ko gori. A bar shi ya je ya zauna gaban tsoho bayan ya taso daga makaranta. Ba dole sai ɗan gado ba. Maman Barka ba Buduma ba ne, amma shi ya riƙe ma Buduma kayansu.

Na huɗu, abin da anka ɗauka a aje shi wuri biyu, ɗaya wajen magatakardan ƙungiya, ɗaya a lakkwal, a kuma aika ma rassanmu na waje. Waya tana faɗawa ruwa, tana ɓata.

'Yan'uwa na Buza da Keita da sauran ƙauyukan Madawa, ku ma ku duba garuruwanku. Wanda ya san wani tsohon makaɗi ko mawaƙi da ke raye, ya aiko ma magatakarda da sunan garin, a san inda za a fara. A fara da wanda ya fi tsufa. Baba mai goge ya ce mani in za a zo a zo da hantsi, lokacin ne numfashinshi ke da ƙarfi, kuma a zo kafin sanyi ya shigo.

In na yi kuskure cikin wanga tarihi, iyayena ku gafarce ni, ku gyara mani a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba masu rai lafiya, ya maido da 'yan bida gida da alheri. Wassalam.

Naku,
Wani ɗan ƙungiya, daga reshen Yamai.